Sammacin Shaida: Abin Da Doka Ta Tanadar Wa Wanda Kotu Ta Kira Ya Ƙi Zuwa

Da yawa daga cikin shari'o'in da ke tasowa a fadamun Auyo da kewayen Haɗeja ba su da takarda a bayansu. Iyakar gona da ambaliya ta shafe, ɓarnar dabbobi a shukar shinkafa, satar injin ban-ruwa, bashin taki da aka ƙulla da baki, rabon gado tsakanin 'yan uba: duk a kan bakin wanda ya gani suke tsayawa. Tun da aka faɗaɗa aikin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Auyo a watan Janairun 2023, kowane taƙi na ƙasa ya ƙara daraja, haka ma maganar dattijon da ya san inda tsohuwar iyaka take.

Sai dai mutane da dama na ɗaukar takardar kiran shaida tamkar katin gayyatar biki: wanda ya ga dama ya je, wanda bai ga dama ba ya aika da uzuri. Doka ba haka ta ɗauke ta ba. Sammaci umarni ne, kuma ƙin amsa shi na iya kai mutum ga kamu, da tara, da ɗauri. Amma duk da haka, hukuncin da ke kan wanda ya ƙi zuwa shi ne mafi sauƙi a cikin abin da rashin zuwansa ke haifarwa. Babban nauyin kan wasu yake faɗawa: wanda ke tsare yana jiran shari'a, da wanda aka zalunta yana jiran hakkinsa.

Mene ne sammacin shaida?

Sammacin shaida takarda ce da kotu ke fitarwa, ɗauke da sa hannun alƙali ko jami'in da doka ta ba izini, tana umartar mutum ya bayyana a wuri kaza, rana kaza, lokaci kaza. Iri biyu ne. Akwai na zuwa a faɗi abin da aka gani ko aka sani, akwai kuma na kawo wata takarda ko wani abu da ke hannun mutum, kamar rajistar filaye, ko bayanan asusun banki, ko takardun sakamakon zaɓe.

Ya kamata a bambanta shi da abubuwa biyu. Na farko, kiran da ɗan sanda ko lauya ko mai ƙara ya yi wa mutum ta waya ba sammacin kotu ba ne, kuma ba a gina hukuncin ƙin halarta a kansa. Na biyu, sammacin shaida ba tuhuma ba ne. Wanda aka kira ba shi ake ƙara ba, idonsa da kunnensa kotu ke buƙata. Rashin fahimtar wannan bambanci na sa mutum ya ɓuya da zarar ya hango masinjan kotu, alhali ɓuyar ce za ta jawo masa laifin da da can ba shi da shi.

Wace doka ce ke aiki a Auyo?

Mutumin Auyo na iya samun kansa a gaban kotuna iri-iri: kotun shari'ar Musulunci, ko kotun majistare, ko Babbar Kotun Jiha da ke zama a Haɗeja, ko Babbar Kotun Tarayya da ke Dutse, ko kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kowacce na da ikon kiran shaida da tilasta masa zuwa, sai dai dokokin da suke dogara da su sun bambanta.

A matakin tarayya akwai Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Ita ce ke aiki a kotunan tarayya da na Abuja, kuma ita ce jihohi suka ɗauka a matsayin samfuri. Jigawa ta yi tata a 2019, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Lambobin sassa da adadin tara da za a ambata a nan na dokar tarayya ne, domin ita ce uwa, ko da yake kowace jiha na da ikon tsara nata adadin. Bayan ita akwai kundin Final Kod, wanda Jihar Arewa ta kafa a 1959 kuma jihohin da suka fito daga cikinta suka gada. Akwai Dokar Shaida ta 2011, wadda ta fayyace wanda zai iya ba da shaida da irin shaidar da kotu za ta karɓa. A saman su duka akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999. Su kuwa kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda Jigawa ta faɗaɗa hurumin su a shekarar 2000, fiƙihun Malikiyya ne ginshiƙinsu.

Matakan da kotu ke bi

Kotu ba ta fara da ɗauri. Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa sammacin ya isa ga mai shi yadda doka ta tsara. Asali hannu da hannu ake miƙa shi. Idan hakan ya gagara, kotu na iya ba da izinin a bi wata hanya, kamar liƙa shi a gidan da mutumin ke zaune. Muddin babu hujjar cewa ya isa, babu hukunci.

Idan aka tabbatar cewa sammaci ya isa, ko kuma mutumin da gangan yake zillewa don kada a same shi, kuma ba a gabatar da wani uzuri mai ma'ana ba, sashe na 243 ya ba alƙali ikon fitar da takardar kamu. Sashe na 244 ya wuce nan: idan aka gamsar da kotu bisa rantsuwa cewa wani na da muhimmiyar shaida kuma ba zai zo ba sai an tilasta masa, tana iya ba da umarnin kamo shi tun farko, ba tare da an fara da sammaci ba.

Wanda aka kamo ta wannan hanya gaban alƙali ake kai shi. Sashe na 245 ya ce ana iya sakinsa idan ya kawo jingina ko mai tsaya masa cewa zai dawo ranar zama. Idan ya kasa, kotu na iya tsare shi har zuwa ranar. Ke nan mutumin da ba a tuhuma da komai na iya kwana a tsare saboda takardar da ya yi wa riƙon sakainar kashi.

Sai hukuncin laifin kansa. Sashe na 246 ya tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata biyu ba, ga wanda ya ƙi halarta babu dalili, da kuma wanda ya zo amma ya fice daga harabar kotu ba tare da izinin alƙali ba. Ba kowa ke iya shigar da wannan ƙara ba, sai kotun da ke sauraron shari'ar ta ba da umarni. Darajar tarar ta zaizaye ƙwarai. A 2015, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000, ta haura rabin albashin wata. Daga 2024 da ya koma naira 70,000, ta zama kashi ɗaya bisa bakwai. Abin da ya rage mai tsoratarwa shi ne kamun da ɗaurin.

Final Kod ma ya yi magana. Sashe na 136 na kundin na asali ya mayar da ƙin amsa kiran hukuma da gangan laifi, ya kuma tsananta hukuncin zuwa ɗaurin da zai iya kai wata shida idan kiran na kotu ne. Sassan da ke gabansa sun hukunta ɓuya don guje wa sammaci, da hana a miƙa shi ga wani.

Akwai abubuwa uku da mutane kan manta. Wanda ya halarci zama aka ɗage shari'a a gabansa, wajibi ne ya dawo ranar da aka sa ko ba a sake aika masa takarda ba. Sashe na 247 ke nan. Wanda ya shiga kotu kallo kawai, alƙali na iya umartarsa ya ba da shaida nan take idan an ga yana da masaniya. Sashe na 248 ke nan. Wanda kuma ya zo amma ya ƙi rantsuwa, ko ya ƙi amsa tambaya, ko ya ƙi fito da takardar da aka nema ba tare da hujja ba, sashe na 250 ya ba da damar tsare shi har zuwa kwana 30, sai fa idan ya sauko kafin nan. Zuwa a yi ƙarya kuwa ya fi duk waɗannan muni: shaidar zur a gaban kotu na iya jawo ɗaurin shekara 14 a ƙarƙashin sashe na 158 na Final Kod.

Uzuri da kuɗin mota

Doka ba ta jera uzurorin da za a karɓa ɗaya bayan ɗaya ba, alƙali ta bar wa aunawa. Rashin lafiya mai takardar likita, haihuwa, rasuwar makusanci, kasancewa a tsare a wani wuri, ko isowar sammaci a ƙurarren lokaci, duk abubuwa ne da kotuna kan saurara. A wannan yanki akwai uzurin da kowa ya sani. A shekarun ambaliya irin 2018 da 2020 da 2022, kogin Haɗeja ya yi ta malala cikin garuruwan Auyo har wasu hanyoyi suka yanke, mutane suka koma shiga kwalekwale. Wanda ruwa ya tare yana da uzuri, amma sai kotu ta ji shi. Uzurin da aka bari a ciki bai kai gaban alƙali ba, daidai yake da babu.

Hidimar gona, ko ranar kasuwa, ko cewa mutum ba ya son shiga rigimar maƙwabta, ba su kai uzurin ƙin zuwa ba. Abin da za su iya samarwa shi ne a roƙi kotu ta sauya rana, ko ta saurari mutum da wuri ta sallame shi.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar da ta tilasta wa mai shaida zuwa ta kuma ɗora wa hukuma nauyin ɗawainiyarsa. Sashe na 251 ya ce wanda ya zo shaida a ɓangaren gwamnati yana da hakkin a biya shi abin da ya kashe daidai gwargwado. Sashe na 252 ya ba kotu damar ba da umarnin a biya shaidun wanda ake tuhuma. Sashe na 254 ya ce magatakardan kotu ne zai biya daga kasafin ɓangaren shari'a. Sashe na 241 kuma ya ce idan mai gabatar da ƙarar ba jami'in gwamnati ba ne, ba dole ba ne mai shaida ya zo sai an ba shi kuɗin tafiya. A shari'ar da ba ta laifi ba, wanda ya nemi a kira shaida shi ke ɗaukar ɗawainiyarsa.

Wannan ba ƙaramin batu ba ne. Manomin da zai taso daga Gamsarka ko Ayama zuwa Dutse, tafiyar sama da kilomita 100, ya wuni, a ɗage zama, ya koma, a sake kiransa, ba taurin kai ne kaɗai zai hana shi zuwa na uku ba. Duk mai bibiyar kasafin kuɗin jiha na da damar tambayar nawa aka ware wa wannan hidima, nawa kuma aka saki.

Waɗanda ba a tilasta wa

Sashe na 175 na Dokar Shaida ya ɗauki kowa a matsayin wanda zai iya ba da shaida, sai wanda ƙuruciya ko tsufa ko ciwo ya hana shi fahimtar tambaya da ba da amsa mai ma'ana. Sarauta, ko malanta, ko dukiya, ko kujerar majalisa ba sa cire mutum daga wannan.

Waɗanda aka keɓe kaɗan ne. Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulki ya hana fitar da duk wata takardar kotu da za ta tilasta wa shugaban ƙasa, ko mataimakinsa, ko gwamna, ko mataimakinsa bayyana, muddin suna kan kujera. Da zarar sun sauka, rigar ta tuɓe. Sashe na 36(11) ya ce ba a tilasta wa wanda ake tuhuma ya ba da shaida a shari'arsa. Jakadun ƙasashen waje na da kariya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Biyana ta 1961. Dokar Shaida ta kuma taƙaita yadda za a kira miji ko mata a kan juna, ta kare sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta, ta kuma ba mai shaida damar ƙin amsa tambayar da za ta jefa shi cikin tuhuma. Sai dai damar ƙin amsa wata tambaya ba damar ƙin zuwa ba ce. Mutum zai zo ne, ya faɗi hujjarsa, alƙali ya yanke.

Matsayin fiƙihun Malikiyya

Tun kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Hausa na da ƙa'ida a kan wannan. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta hana shaidu ƙin amsawa idan an kira su, ta kuma hana a cutar da su. Aya ta 283 ta hana ɓoye shaida, ta danganta shi da zunubin zuciya.

Malaman Malikiyya sun raba lamarin gida biyu. Ɗaukar shaida, wato yarda a zama shaida a kan ciniki ko bashi ko aure, farilla ce ta kifaya: idan wasu sun yi, ta faɗi a kan saura. Bayar da ita kuwa, idan hakki ya rataya a kan mutum, wajibi ne a kansa shi kansa. Muhtasar na Shaihu Khalil, wanda alƙalan Arewa suka daɗe suna dogara da shi tare da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, ya ɗaure wajibcin da nisan tafiya. Wanda ke cikin tazarar barid biyu, kimanin mil 24, dole ne ya je, kuma karɓar lada a kan haka na zubar da shaidarsa, in ban da abin hawa ga wanda tafiyar ƙasa za ta wahalar. Wanda ke nisan da ake yin sallar ƙasaru, wato barid huɗu, ba a wajabta masa tafiyar ba, kuma idan ya je ya halatta a ɗauke masa abin hawa da guzuri. A wannan ma'auni, daga garin Auyo zuwa Haɗeja na cikin tazarar wajibi, Dutse kuwa ta wuce ta.

A kotun Musulunci mai da'awa ne ke kawo hujja, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Alƙali kan ɗiba wa mai da'awa wa'adi ya kawo shaidunsa, ya ƙara masa idan da dalili. Idan wa'adi ya ƙare bai kawo ba, sai a hukunta cewa ya gaza, a juya ga rantsuwar abokin shari'arsa. A sha'anin dukiya, Malikiyya na karɓar shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. Saboda haka zuwan mutum guda ko rashin zuwansa na iya raba marainiya da gonar mahaifinta, ko ya mayar mata da ita.

Abin da ke samun shari'ar kanta

A shari'ar laifi, mai gabatar da ƙara ne ke da nauyin tabbatar da tuhuma ba tare da kokwanto ba. Bayanin da mutum ya rubuta a ofishin 'yan sanda ba ya maye gurbin tsayuwarsa a gaban alƙali, domin sashe na 36(6)(d) na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma hakkin yi wa shaidun gwamnati tambayoyin titsiye. Wani kuma ba zai zo ya ce ga abin da wane ya gaya masa ba, domin Dokar Shaida ta hana karɓar ji-ta-ji-ta sai a wurare ƙalilan. Gani ya kori ji.

Idan shaida bai zo ba, abu na farko shi ne ɗage zama. Sashe na 396 na ACJA ya so a riƙa sauraron shari'a kullum-kullum. Idan hakan bai yiwu ba, kowane ɓangare ba zai samu ɗagewa fiye da biyar ba, kuma tsakanin zama da zama kada ya wuce kwanakin aiki 14. Idan haƙurin kotu ya ƙare, tana iya rufe ƙofar kawo shaidu, ko ta kori ƙarar saboda rashin himmar masu gabatar da ita. A nan akwai bambancin da ya kamata a sani. Wanda aka sallama saboda an kori ƙara ba a wanke shi ba, ana iya sake gurfanar da shi. Wanda kuwa kotu ta wanke bayan ta auna hujjoji, ba a sake tuhumarsa a kan wannan laifin sai da umarnin kotun da ke sama.

Dokar Shaida ba ta sa adadin shaidun da dole a kawo ba sai a wurare ƙalilan, kuma kotuna sun sha cewa mutum guda mai gaskiya ya wadatar. Amma sun kuma sha cewa rashin kiran shaidan da hukunci ya rataya a kansa na rusa ƙara. Sashe na 167(d) ya ba kotu damar ɗaukar cewa hujjar da wani ɓangare ya riƙe bai fito da ita ba, da ya fito da ita da ba ta yi masa daɗi ba. Sashe na 46 kuma ya buɗe 'yar ƙofa: idan mutum ya riga ya ba da shaida a gaban kotu, aka samu damar yi masa tambayoyi, daga baya ya rasu, ko ya ɓace, ko abokin shari'a ya ɓoye shi, ana iya amfani da shaidarsa ta farko.

Duk wannan jinkiri a jikin mutum yake sauka. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 35(4) na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda ke tsare, idan ba a yi masa shari'a cikin wata biyu ba, a sake shi ko da bisa sharaɗi. Amma wannan bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Irinsa na iya shafe shekaru a gidan yarin Haɗeja ko wani, saboda an yi wa ɗan sandan da ya binciki lamarin canjin wurin aiki, ko wanda ya ga abin da ya faru ya tafi ci-rani.

Ƙararrakin zaɓe

A nan lokaci ne babban alƙali. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara, ya ba kotun zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar tun 2012 cewa ba a ƙara ko kwana ɗaya. Wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe da ya ƙi zuwa ya tsaya a kan rubutacciyar rantsuwarsa ya mayar da ita takardar banza, kuma babu lokacin jiransa.

Sammaci ma bai zama mafita ba. A hukuncin 6 ga Satumban 2023, kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa ta yi watsi da shaidar mutum 10 daga cikin 13 da Peter Obi ya gabatar, saboda an kawo su da sammaci ba tare da an haɗa rubutacciyar rantsuwarsu da takardar ƙara cikin wa'adi ba. Haka ta yi wa wasu shaidun Atiku Abubakar. Kotun Ƙoli ta kori ɗaukaka ƙarar su biyun ranar 26 ga Oktoban 2023. Darasin ga matasan da ke aikin wakilci a rumfuna shi ne, aikin ba ya ƙarewa da ƙirga ƙuri'a.

Idan babba ne aka kira

A shari'ar Olisa Metuh, tsohon kakakin PDP da EFCC ta tuhuma kan naira miliyan 400, Mai Shari'a Okon Abang na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya sa hannu a kan sammacin kiran tsohon Shugaba Goodluck Jonathan a watan Oktoban 2017. Lauyoyin Jonathan suka nemi a soke sammacin, ko kuma Metuh ya ajiye naira biliyan 1 na tafiya da tsaro, suna dogara da sashe na 241. Sambo Dasuki, wanda ke tsare a hannun DSS a lokacin, an kawo shi ya ba da shaida. Jonathan kuwa har aka yanke hukunci a Fabrairun 2020 bai tsaya a gaban kotun ba.

Kafin nan, Janar Muhammadu Buhari da Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar sun ƙi bayyana a gaban kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda aka kafa a 1999 don binciken take hakkin ɗan Adam. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar da aka kafa kwamitin a kanta ba ta ba shi ikon tilasta wa kowa zuwa a wajen Abuja ba. Wannan ya nuna cewa ƙarfin sammaci daga dokar da ta haife shi yake. Ya kuma nuna abin da talaka ya daɗe da lura da shi: mai lauyoyi kotu yake zuwa ya ƙalubalanci sammaci, marar su kuwa ɓuya yake yi har a kamo shi.

Tsoro da kariya

Ba kowane mai ƙin zuwa ne mai raina kotu ba. A ƙauyen da mai ƙara da wanda ake ƙara da mai shaida ke sallah a masallaci ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya, faɗin gaskiya na da tsada. Kenya ta nuna iyakar abin da tsoro ke iya yi. Bayan rikicin zaɓen 2007 da ya ci rayuka sama da 1,000, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta tuhumi Uhuru Kenyatta da William Ruto. Mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta janye tuhumar Kenyatta a Disambar 2014, tana kokawa da mutuwar wasu shaidu da janyewar wasu. Shari'ar Ruto ta rushe a Afrilun 2016 bayan muhimman shaidu sun janye ko sun sauya magana.

Sashe na 232 na ACJA ya ba kotu dama, a manyan laifuka irin su ta'addanci da fyaɗe da safarar mutane, ta saurari shaida a asirce, ko ta bayan labule, ko ta bidiyo, ta kuma ɓoye sunansa da adireshinsa. Yi wa mai shaida barazana ko ba shi toshiyar baki laifi ne mai zaman kansa, kuma yana iya sa a soke belin wanda ake tuhuma.

Abin da ya kamata wanda aka kira ya yi

Ya karɓi takardar, domin karɓa ba amsa laifi ba ne. Ya duba sunan kotu da rana da hatimi, idan yana shakka ya tabbatar a ofishin magatakarda. Idan yana da uzuri, ya sanar da kotu a rubuce kafin ranar, tare da hujja. Idan kuɗin mota ne matsala, ya faɗa, ya nemi hakkinsa. Idan barazana ake yi masa, ya gaya wa mai gabatar da ƙara ko alƙali kai tsaye. Idan yana ganin bai kamata a kira shi ba, ya nemi lauya, ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, a roƙi kotu ta soke sammacin. Idan ya je, kada ya tafi sai alƙali ya sallame shi, kuma ya riƙe ranar da aka ɗage zama zuwa gare ta. Abin da bai gani ba ya ce bai gani ba, abin da ya manta ya ce ya manta. Kotu ba ta neman fiye da haka a wurinsa.